Sandar Sanuka ko Taɓarya?

Laifin Ronnie O'Sullivan ne, gwanin wasan sanuka. Tun da na ga bidiyonsa na 1997 a waya, inda ya tara maki 147 cikin minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi, na ce abin da ya raba ni da shi sanda ce kawai. Sandunan teburin rumfarmu a Gagarawa kuwa duk sun sha dukan yara, wata ma ba fata a bakinta.

Na sayar da riɗina, na je Gumel na sayo tawa, mai haɗi biyu, tana ƙyalli.

Ranar da na ƙaddamar da ita rumfa ta cika. Na goga alli, na sunkuya, na saki. Farar ƙwallo ta tashi sama, ta tsallake tebur, ta faɗa kaskon mai awara. Yaron tebur ya ɗaga sandar ya ce, "Yaya, wannan ai taɓarya ce." Muka ɗora ta a sikelin masu sayen riɗi, ta zarce rabin kilon da sandar ƙwarai ke yi nesa ba kusa ba.

Sai na ɗauki hanyar mayarwa, kuma ranar Alhamis, motoci cike da 'yan kasuwar Maigatari. Ɗan kamasho ya ce sai na biya kuɗin kaya. Wani dattijo Bafulatani da ke gefena ya karɓe ta, ya jinjina, ya ce za ta yi kiwo, nawa zan bar masa?

Mai shago bai ko tashi ba. "Alhaji, ai nauyin shi ne ingancin. Kuma kaya in ya fita ba ya dawowa." Na haɗa shi da Allah, na kawo zumuncin kakanni, har da abin da babu. Da ƙyar ya yarda da musaya, da sharaɗin in yi ciko.

Sabuwar ba nauyi, sakayau. Na dawo ina taƙama. Yaron nan, Allah ya shirye shi, ya mirgina ta a kan tebur gaban kowa, sai ga ta tana ɗingishi. Karkatacciya ce. In na nufi ramin gabas, ƙwallo ta yi kudu.

Na koma a ba ni ta farkon. Mai shago ya ce, "Ayya Alhaji, ka makara. Wani ɗan sintiri ya saye ta jiya, bai ma nemi ragi ba."