Kujerar Gaba Ba Kyauta Ba Ce

Wanda bai taɓa zuwa kiɗan biki ba zai ɗauka tun da ba a yankar tikiti a ƙofa, kallon kyauta ne. Da wannan lissafin na baro Aliero, ranar da abokin aikina, mutumin Jega, ya ja ni bikin ƙanensa a wani ƙauye kusa da Maiyama. Mun biya ta Jega na karɓo babbar rigata wurin mai bugu, shadda mai sitaci, irin wadda ke gaisawa da mutane tun kafin mai ita ya buɗe baki. A mota ya ce, "Malam, ka san ƙasar Gambu munka nuhwa?" Wato Muhammadu Gambo Fagada, mai waƙar ɓarayi, wanda ya rasu a 2016. Mutum ya daɗe da kwanta dama, amma ina jin sunan na naɗe kuɗina na cusa cikin safa, na mayar da sau-ciki na ɗaure igiya tam.

An ce kiɗa bayan la'asar. Sai bayan isha'i janareto ya yarda ya tashi. Wani yaro ya dubi rigata, bai dubi fuskata ba, ya kai ni kujerar gaba kusa da baffannin ango.

Makaɗi na tsakiyar fili, 'yan amshi a bayansa, masu kalangu a gefe da ɗan yaro mai kuntuku. Duk waɗannan bayin Allah ne, sana'arsu suke yi. Wanda ya kamata baƙo ya sa wa ido shi ne sanƙira. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Aikinsa ya san wane ne wane, ɗan wa, jikan wa, ya sanar da makaɗi, ya kuma yi shelar abin da aka bayar. Idan bai san asalinka ba, nan take zai ɗinka maka wani.

Ya durƙusa gabana. "Ranka shi daɗe, daga ina?" Na ce Aliero, malamin firamare ne ni. Ya miƙe ya karɓi makirfo: "Makaɗi, saurara! Ga Alhaji ya taho daga Aliero, mai rumbunan albasa, wanda Legas ba ta miya sai ya yi lodi!" Ban taɓa zuwa Makka ba, albasar da na mallaka kuwa tana cikin kwandon uwargida. Mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata, sai ga sunana yana fita daga bakin ganga. Ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi. Har kaina ya fara kaɗawa.

Abokina ya zungure ni: lokacin liƙi. 'Yan gari sun zo da canjin naira hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, suna manna wa makaɗi ɗaya bayan ɗaya a goshi, mutum ya daɗe yana shan kirari da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Ni kuwa sai da na sunkuya kwance igiyar takalmi, hannun riga yana zubo mini a ka. Mata suka zaci shirin rawa nake, suka rangaɗa guɗa. Na zaro 'yan dubu-dubu guda uku da niyyar ba da ɗaya, ashe zufa ta manne su. Sanƙira ya karɓa da yatsu biyu, ya nesanta su da hancinsa, ya ce, "Alhaji ya ba da dubu talatin!"

Na raɗa masa ya maido mini kuɗin mota. Makirfon na kunne.

Makaɗi bai kira sunan kowa ba. Ya dai shiga labarin wani attajiri da ya buɗe banki a tafin ƙafa, 'yan amshi suna karɓa, jama'a suna leƙen safata, wadda babban yatsa ya riga ya huda. Na nemi mafaka wurin hukuma, na ce dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi, ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50,000. Sanƙira ya ce, "Alhaji, ai kai ba ka liƙa ba, miƙowa kay yi. Hukuma ba ta da magana da kai."

Abokina ya ce habaici ba ya tsayawa sai da alkawari. Na ce to, in na koma zan aiko da 'yar albasa. Kafin in rufe baki ta zama buhu, aka sake guɗa, attajirin nan ya koma ɗan dattawa mai kyauta tun daga kakanni.

Ranar Litinin ina tsakiyar darasin lissafi, babur ya tsaya a ƙofar makaranta. Sanƙira ne, da buhu ninke a hammata. Ya tambayi yara ajin Alhaji mai banki a ƙafa, su kuwa ba wanda ya ce wane ne, gaba ɗaya suka nuno tagata.