Tumbi a Kujera, Ilimi da Biro

Bara rijiyar burtsatsen unguwarmu ta lalace, sai muka ce a zaɓi shugaban ƙungiyar ci gaba. Mutum biyu suka fito. Na farko tsohon malamin lissafi ne, siriri, murya kamar ta sauro. Ya buɗe littafinsa yana karanto mana kuɗin famfo, kuɗin bututu, da abin da kowane gida zai bayar. Kafin ya juya shafi rabin jama'a sun fara gyangyaɗi.

Sai Alhaji ya miƙe. Ba zan faɗi sunansa ba, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shadda tana ta walƙiya, aska takwas, hula zanna an karkata ta, tumbi ya riga shi isa tsakiyar fili, ƙamshin turare kuwa har ƙofar masallaci. Ya naɗe hannun riga sau uku, ya yi gyaran murya, ya ce, "Jama'a, ruwa shi ne rai!" Iyakar manufarsa ke nan. Wuri ya kaure da tafi. Wani dattijo ya zungure ni ya ce, "Kai, yaro, ka ga kwarjini!" Ni ma, Allah na tuba, na ɗaga masa hannu.

Haka muke. In mutum yana da kai, sai mu ce, "Wannan a ba shi sakatare." In yana da wuya da amon murya, sai kujera.

Kuma mu ɗin nan ne ba ma gajiya da yabon Malam Aminu Kano. Ɗan ƙaramin mutum, malamin makaranta, farar riga ba ado. Ya iya magana, ba musu, amma maganarsa da abu a cikinta: ya yi ta sukar haraji da jangali har gwamnatin jam'iyyarsa ta PRP ta soke su a Kano a 1979. Da a ce yau zai shigo unguwarmu takara da wannan rigar tasa, wallahi biro za mu miƙa masa.

To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yau wata goma sha ɗaya. An yi taro huɗu, an kafa kwamiti biyu, an buga kalanda mai hoton Alhaji ya riƙe haɓa yana tunani. Malamin lissafi yana gefe yana rubuta abin da aka tattauna. Ruwa kuwa har yanzu wurin 'yan garuwa muke saye, har shi Alhajin.