Tsarabar da ke cin kabeji

A Jos, da zarar Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, sai ka hangi kawu ya taso daga Terminus da kwali mai huji-huji a hammata. Zomo ne a ciki, ko ɓeran Masar, wai tsarabar yara. Yaran kuwa ɗokinsu ba ya wuce kwana uku. Daga nan dabba ta koma hannun uwar gida, wadda ko shawara ba a yi da ita ba.

Shi zomo haƙoransa ba sa daina tsiro, don haka sai ya yi ta gwaguya: ƙafar kujera, wayar caja, har takalmin Sallar auta. Kabeji da karas ɗin da aka yo cefane a Farin Gada saboda baƙi, shi ke fara ɗanɗanawa. In kuma kawu ya yi karamci ya haɗo mace da namiji, to cikin zomanya wata ɗaya ne kacal. Kafin biki ya zagayo, tsakar gida ta zama garke. Ranar da zawo ya kama zomo cikin sanyin Disamba, kawu na Kaduna, wayarsa a kashe, Hajiya ce ke cigiyar likitan dabbobi har Vom.

In aku ne tsarabar kuwa, kada ma a fara. Yakan haura shekara 40, kuma duk faɗan gidan yana bakinsa.

Kawu, don Allah bana ka kawo alawa da balan-balan. In zomon ne dole, ka taho da kejinsa da kuɗin dusa.