Adashin Giya a Bakin Kogin Haƙa

Ranar wata Lahadi ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya shigo ɗakin da ya sauke ni yana sosa ƙeya. Ya ce, "Kawu, malamina ya gayyace mu cin abincin rana." Na ce madalla, a gidansa? Ya ce a'a, Bature ba ya kai baƙo gida sai an shekara goma ana gaisawa ta kan katanga. Inda za mu, in ji shi, gidan abinci ne a bakin ruwa, sai dai ana ɗan sayar da giya. Da muka isa na tarar da gidan giya ne da ake ɗan sayar da abinci. Na dube shi, shi kuma ya dubi agwagi. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, yaro. Wannan labari ba zai kai kunnen uwarka ba, tun da ni ma ina ciki."

Ruwan da muka zauna a bakinsa ba kogi ba ne na Allah da Annabi. Mutane ne suka haƙa shi da diga da shebur. Sunansa Grand Union, ya taso daga Landan har Bamingham, tafiyar mil 137. Tun a 1761 Turawa suka kamu da ciwon haƙa koguna, lokacin da aka buɗe na Bridgewater don kai kwal Mancesta, farashin kwal ya faɗi da kusan rabi. Doki ɗaya ne ke tafiya a gefe yana jan jirgi mai ɗauke da tan talatin. Irin wannan mashaya kuwa zangon fataken ruwa ce: doki ya sami barga, mai jirgi ya sami abin jiƙa maƙoshi. A ramin Blisworth, wanda aka buɗe a 1805 kuma ya kusa kilomita uku a ƙarƙashin tudu, babu ma hanyar doki. Ƙarti ne ke kwanciya a kan katako suna taka bango da ƙafa cikin duhu har jirgi ya fita.

Jirgin ƙasa da manyan motoci sun kashe wannan sana'a. Yau jikokin waɗancan ƙarti, akantoci da likitocin haƙori masu ritaya, su ne ke biyan kuɗi mai tsoka su yi hayar jirgin da faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba, su cusa kansu ciki har da mata da kare, su kwana kamar kifin gwangwani. Doka ta ce kada jirgi ya wuce gudun mil huɗu a awa. Na ga wata tsohuwa da sanda ta wuce wani jirgi, ta ɗaga wa matuƙin hannu, shi kuma yana riƙe da akala da hular kyaftin a ka, fuska a murtuke kamar mai shirin tsallaka teku. Wahalar da kaka ya sha don ya ci tuwo, jika ya mai da ita hutun ƙarshen mako.

Muka shiga ciki. Rufin gajere ne, sai da na rusuna wa wata azara kamar surukata. Na sami kujera na baje, ina jiran yaron gida ya zo ya tambaye ni abin da zan ci. Minti ashirin babu wanda ya ko kalle ni. Ashe a nan sarki ma da ƙafarsa yake zuwa kanta, ya faɗi lambar teburinsa, ya biya tun bai ga abinci ba. Mutanen da suka shahara a duniya da bin layi, a bakin kantar nan ba su yin layi. Tsaye suke barkatai, amma kowa ya san wanda ya riga shi, mai zuba giya ma ya sani. Layin yana nan, ido ne ba ya ganinsa, kamar na aljanu. Ni da ban sani ba na kutsa gaba na ce, "Sannu da aiki!" Ba wanda ya ce uffan. Wani dai ya yi ɗan tari. Daga baya yaron ya gaya mini cewa a Ingila wannan tari daidai yake da a zage ka ta uwa ta uba. Garin ja da baya na taka ƙafar mai tarin, shi ne kuma ya ba ni haƙuri.

Malamin ya iso da wani abokinsa mai gemu da tumbi, ɗan ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa a 1971 don kare giyar gargajiya daga ta manyan kamfanoni. Wasu al'ummu na fafutukar ruwan sha, waɗannan sun kai matakin kare mutuncin giya. Ya yi mini bayani, ba tare da na tambaya ba, cewa giyar kirki a ganga take ƙarasa nuna a ɗakin ƙasa, da famfon hannu ake jawo ta, kuma sanyinta bai kamata ya wuce digiri 11 zuwa 13 ba. Da aka miƙo masa kofinsa, wanda suke kira fayint mai cin mililita 568, sai ya ɗaga shi sama ya duba a haske kamar mai sayen zinari, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya yi shiru har na zaci addu'a yake. Can ya buɗe baki ya yanke hukunci: "Ba laifi."

Nan aka jefa ni adashi ban sani ba. Malamin ya miƙe ya tambayi kowa abin da zai sha. Na ce lemo. Ya kawo, na yi godiya, na ce kai, Turawan nan akwai kyauta. Kofuna suka yi ƙasa, mai gemu ya miƙe, ya kawo mini na biyu. Yaron ya miƙe, ya kawo na uku. Cikina ya zama randa. Da kofuna suka sake yin ƙasa, sai hira ta mutu. Ba wanda ya dube ni, amma rashin duban ya yi nauyi. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, zubinka ne." Na ce wane zubi? Ya ce kowa na saya wa teburi sau ɗaya, wanda ya sha na mutane ya zille kuwa, ba za a taɓa yi masa magana ba, amma za a riƙa ba da labarinsa har bayan ransa. To ga ni, na kwashi adashi sau uku, ga shi kuma kuɗina ba su sayen giya. Gaba kura, baya sayaki.

Dabara ta zo mini, na ce abincin kowa a wuyana. Shi ma ba a banza na sha ba. Na zaɓi kifi da soyayyen dankali, ina ganin nan ne tudun mun tsira, sai yarinyar kanta ta ce ƙullun da ake tsoma kifin da giya aka kwaɓa shi. Na koma kan wani abu da ake kira abincin manomi. Aka kawo mini burodi, da guntun cuku, da albasar da aka jiƙa a ruwan tsami, komai da sanyinsa, wuta ba ta ga ko ɗaya ba. Manomin da zai ci wannan ya koma gona, a kunya ta biyu za a ɗauko shi. Ashe ma masu tallan madara da cuku ne suka yayata sunan a wajen 1960 don a sayi hajarsu. Malamin ya ci gasasshen naman Lahadi da wani fanke marar sukari da aka tsiyaya wa romo. Mai gemu ya ci kifinsa da dafaffen koren wake da aka dame ya koma kamar kwaɓaɓɓen lalle. Na nemi yaji, aka miƙo mini kwalbar ruwan tsami. Da na biya, malamin ya ce na kyauta ƙwarai. Yaron ya fassara mini: an gode, amma bashin giya yana nan.

Muka fita waje da sauran kofuna, duk da yayyafi, domin an hango rana ta leƙo na minti biyu. Mutane sun jeru a kan gada suna kallon jirgi zai hau matakalar ruwa: ya shiga wani akwati mai ƙofofi gaba da baya, a rufe, a cika da ruwa, ya taso sama a hankali. Masu wannan kallo har suna gare su a Turancin bakin kogi, gonguzla, wato 'yan zaman kashe wando masu lasisi. Kusa da ni wani dattijo ne da karensa. Na yi masa gaisuwa irin ta mutane, na tambayi gida da iyali da gajiya. Ya ja baya kamar zan karɓi haraji. Wata mata ta zo ta durƙusa ta gaida karen, ta tambayi shekarunsa da lafiyar ƙafarsa, nan take dattijon ya saki baki har da tarihin matarsa marigayiya. Sai na gane zancen. Mutanen nan suna son majalisa kamar kowa, kunyar juna ce ta yi musu katutu. Dole sai an sa wani abu a tsakani, ko kofi, ko kare, ko hadari, ko jirgi, sannan magana ta fito.

Ana haka matar kyaftin mai hula ta kasa tura ƙaton gungumen da ke buɗe ƙofar ruwa. Mijin yana jirgi yana ba da umarni, 'yan kallo ashirin kowa na jiran wani ya fara. Na tattare babbar rigata, na kafa baya a jikin gungumen, na dage da ƙafa, na yi bisimilla. Ƙofa ta buɗe tana kuka. Aikin da waɗancan ƙarti suka yi don a biya su, jikokinsu ke biya don su yi, ni na yi shi kyauta da lemo uku a ciki. Na ɗago ina haki, na ga wayoyi sun juyo kaina. Na zo kallo, na zama abin kallo.

Dattijon nan ya matso, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ba laifi." Yaron ya ce, "Kawu, an yi maka naɗin sarauta ke nan." Na rasa amsar da ta dace da wannan girma, sai na durƙusa na tambayi karen ya ya iyali.