Bango Ɗaya, Kunne Biyu

A garin Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangaladash, an yi wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza. A ƙasa akwai banki da shaguna. A sama kuwa masana'antun ɗinki ne guda 5, inda dubban teloli, galibinsu mata, ke ɗinka tufafin da ake kaiwa Turai da Amurka.

Ranar Talata, 23 ga Afrilu 2013, ginin ya tsattsage. Aka fitar da jama'a, aka kira injiniya ya duba, ya ce zama a ciki ganganci ne. Mai ginin, Sohel Rana, ya ce filasta ce kawai ta dare.

Gari na wayewa, banki bai buɗe ba, masu shaguna ma suka bar ƙofofinsu a garƙame. Teloli suka yi cirko-cirko a waje suna nuna tsagar, suna cewa su dai tsoro suke ji. Amsar da suka samu ita ce: wanda bai shiga ba, ya haƙura da albashin wata. Mai 'ya'ya a gida da kuɗin haya a wuya, ina zai sa kansa? Suka haɗiye maganarsu, suka hau sama.

Ba a jima ba aka ɗauke wuta, aka tayar da manyan janaretoci, ginin ya hau girgiza. Kafin ƙarfe 9 na safe ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka ji rauni. Wata tela sai bayan kwana 17 aka zaro ta da rai.

Tsagar da banki ya gani ita ce masu masana'antu suka gani. A ƙasa kunne ya ji, jiki ya tsira. A sama an ji sarai, amma aka ɗauki mai faɗin gaskiya malalaci.

Haka abin yake a duk wurin aikin da yaro zai ce, "Maigida, wayar nan ta fara ƙauri," a watsa masa harara. Gobe ko hayaƙi ya gani, zai ja bakinsa ya yi gum, kuma shirun nan ba biyayya ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bangon Savar ma sai da ya ba da kwana guda, domin mai kunne.