Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gadin Wutar Lantarki Daga 'Yan Kutse

Zuwa ga shehunan malamai da ɗalibansu masu binciken yadda za a kare layin wutar ƙasa daga kutsen intanet, a duk jami'ar da kuke.

Allah ya ƙara wa malamai sani, ya sanyaya muku ɗakin bincike. Gaisuwa ce daga Gidan Dahala, Sakkwato, inda a watan Afrilu zafi ke haura maki 40, fanka kuma ta zama kayan adon silin.

Labari ya iso mana cewa kun duƙufa dare da rana kuna nazarin yadda wani zai zauna a wata ƙasa, ya latsa kwamfuta, ya jefa gari cikin duhu. Mun tattauna batun a majalisa bayan sallar isha, da hasken tocilan waya, kuma 'yan majalisa sun wakilta ni in miƙo tambaya guda: in aka yi mana wannan kutse, ta yaya za mu sani?

Kada ku ɗauka raini ne. Mun ji abin da ya faru a Yukiren ranar 23 ga Disamba 2015, lokacin da 'yan kutse suka shiga na'urorin kamfanonin rarraba wuta uku, suka katse wa mutane kusan 230,000 wuta. An ce ma'aikaci yana zaune yana kallon kibiyar kwamfutarsa tana tafiya da kanta, tana kashe makunnan tashoshi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ba shi da ta cewa. Har layin wayar ƙorafi suka cushe da kiran bogi don kada jama'a su samu shiga. Duhun bai wuce awa shida ba, amma duniya ta ɗauka, aka yi ta taro a kai. Awa shida, malamai! A unguwarmu wanda aka ɗauke wa wuta awa shida kawai, maƙwabta za su fara tambayar wa ya sani a sama. Batun toshe layin ƙorafi kuwa, ɗan kutsen da ya ɓata lokacinsa a kan wannan a nan ya yi aikin da aka riga aka yi masa.

Abin da ya fi burge majalisarmu shi ne yadda mutanen Yukiren suka dawo da wutar: ma'aikata suka shiga mota, suka bi tashoshi, suka mayar da makunnan da hannu. To in aikin hannu ne kariya, ku rubuta a rahotonku cewa mun yi nisa. Muna da mai tsani da doguwar sanda, wanda ke ɗaura siririyar waya a madadin fis, yana yi yana karanta addu'a. Babu lambar sirrin da za a sace masa.

Masu kashe mana wuta zuwa yau ba su san intanet ba. A Satumba 2023 gobara ce ta tashi a tashar kamfanin dakon wutar lantarki, TCN, ta Birnin Kebbi, wadda daga nan layinmu ke tasowa, Sakkwato da Kebbi da Zamfara suka kwana cikin duhu. A Oktoba 2024 aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako babu wuta. Su ma 'yan'uwanmu na Yamai, da aka yanke musu wutar Najeriya a Agusta 2023 bayan juyin mulki, umarni ne aka bayar a fili. Sauran lokuta kuwa babban layin ƙasa faɗuwa yake yi da kansa, ba wanda ya tura shi, sai a fito da sanarwa daga baya.

Duk da haka ban ce ku nannaɗe tabarma ba, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kwamfuta ta riga ta shigo mana gida, tana manne a bangon zaure da sunan mita mai kati. Kun tuna wa'adin 24 ga Nuwamba 2024, da aka ce ma'aunin lokacin da ke cikin mitocin, wanda ya fara ƙirga tun 1993, zai cika? Dattawa suka ɗora tabarau, yara na riƙe da fitila, ana latsa lambobi ashirin-ashirin har jeri biyu kafin mita ta yarda ta karɓi kati. A ranar na gane cewa na'urar da ke iya ƙin kuɗinka saboda lissafin kwanan wata, wani mai wayo zai iya koya mata ƙarya. Kuma duk lokacin da aka ƙara haɗa tashoshi da cibiyar kula da layin ƙasa ta Osogbo ta hanyar na'ura, ƙofa ce aka ƙara, kowace kuma tana son mai gadi.

Saboda haka ga roƙonmu. Ku ci gaba da binciken, amma in kun tashi gwaji ku taho nan, don ba za ku samu inda ya fi wahalar bambance hari da al'ada ba. Ku biya ta Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, masu aikin hasken rana, ku gaisa. Ranar da suke aiki da ita ba ta taɓa yi mana rowa ba. Masauki yana wuyanmu, akwai fura da nono, sai dai ƙanƙara ta yi tsada. Ku cika kwamfutocinku da caji tun daga gida, domin mai shagon cajin bakin titi ya ce ba ya karɓar abin da ya fi waya girma.

Naku,
Wani mazaunin Gidan Dahala, a madadin 'yan majalisa.