Littafin Riba

Kowa da inda ake kama shi. Wani shayi, wani ƙwallo, wani siyasar unguwa. Ni arha ce ta gama da ni. Kada a ɗauka rowa nake nufi, domin marowaci kuɗinsa na nan a aljihunsa. Ni kuwa da zarar dillali ya rage murya ya ce, "Mai shi fa bai san darajarsa ba," shi ke nan, sai in ga hannuna ya shiga aljihu ba tare da ya yi shawara da ni ba. Da a kan buhun masara ko turmin atamfa wannan ciwo ya tsaya, da iyalina sun ci moriyarsa. Sai ya tsallake duk wannan ya je ya sauka a kan tsohuwar mota.

Peugeot 504 ce, amma ba irin wadda ta yi zamani tana jigilar fasinja daga Kano zuwa Legas ba. Wannan mai ƙofa biyu ce, ta tsere da ƙwalisa, wadda ake kira Coupé. A 1969 aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Janeba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, a Turin ake ƙera bodinta, sannan a kai Sochaux ta Faransa a ɗora mata inji. Tsakanin tayarta ta gaba da ta baya ya gaza na 504 ɗin da muka sani da santimita 19, ta fi ta kwanciya ƙasa, fitilu huɗu a gaba, uku-uku a karkace a baya. Da irinta mai injin V6 Jean-Pierre Nicolas ya lashe tseren Safari na Kenya a 1978. Na haddace wannan bayani tas, kuma shi nake karanto wa duk wanda ya tambaye ni yaushe motar za ta tashi.

Lissafin da na yi ranar da na saye ta, har yau in na maimaita shi sai in ji kamar mai hankali ne ya yi. A Kaduna nake. Tun 1975 aka fara harhaɗa 504 a Kakuri, aka shafe kusan shekara talatin ana yi. Babu lungun da ba za ka sami bakaniken da ya yi wayo a ƙarƙashin Fijo ba, kuma a Panteka ko da ido rufe ka miƙa hannu sai ka taɓo kayanta. Injin tawa mai silinda huɗu ne, ɗan'uwan na gida, a karkace yake zaune kamar yadda na 504 ta gida yake. Ke nan, in ji ni, motar Turai ce da za a gyara da kuɗin tasi.

Rabin lissafin gaskiya ne. Fistin, ringi, fulogi, kuloc, duk ana samu. Ɗaya rabin shi ne wanda na ƙi dubawa: a jikin bodin nan babu abin da ya yi tarayya da 504 ta gida. Ƙofa daban, gilashin gaba daban, bamba daban, fitilu daban. Abin da ya sa motar ta yi kyau shi ne dai abin da babu shi a kasuwa. In gilashin fitila ɗaya ya fashe, sai dai ka nemo wani tsoho a Faransa da ya ajiye nasa a sito, ka biya da yuro, ka yi ta addu'a ya iso ba a gutsure ba.

Don in nuna wa kaina da gaske nake wajen tsimi, sai na sayi littafi mai layi-layi na ja masa gida uku. Gidan farko, kuɗin da aka sa wa kaya. Na biyu, abin da na biya. Na uku, bambancin da ke tsakani, wanda na raɗa wa suna riba. Wannan gida na uku shi kaɗai nake tarawa a ƙarshen wata. Na biyun ban taɓa haɗa jimillarsa ba, wai don kada in karya wa kaina gwiwa.

A cikin manyan ribobin akwai wili huɗu na alminiyom. Na je sayen tiyon birki ne na hango su jingine da bangon wani shago, suna sheƙi.

"Alhaji, wallahi kai suka dace da su," in ji mai shagon. Ban je Makka ba, amma a kasuwar kayan mota duk wanda ya tsaya ya kalli abu sau biyu ya zama Alhaji.

Muka yi ciniki har ya sauko rabi, ya ce albarka, na juya kamar zan tafi, ya kira ni. Wannan kiran da ake yi wa mutum bayan ya juya baya, ban san abin da ya fi shi daɗi ba a duniya. Na ɗauko su a Keke Napep, na manta da tiyon birkin. Da muka je gareji yaron bakanike ya ɗaga ɗaya ya kara a jikin motar. Huji huɗu ga kusoshi huɗu, amma ko ɗaya bai shiga ba. Kusoshin 504 a kan da'ira mai faɗin milimita 140 suke, yawancin ƙananan motocin yanzu kuwa 100 ne ko 108. Yaron ya ajiye wilin a hankali, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Wilin suna ɗakin ajiya yanzu, a kansu ake ɗora buhun gawayi. Ribarsu kuma tana nan a littafi ban goge ba.

Sai batun mai. Motar ba da kafireto ta zo ba. Famfon Kugelfischer gare ta, wata na'urar Jamus da ke auna fetur ta fesa wa kowace silinda rabonta, ba kwamfuta ba waya, ƙarfe ne zalla ke aiki. In yana lafiya injin ya fi ƙarfi da santsi. In ya daɗe a ajiye mai ya bushe a cikinsa, sai wanda ya san shi, kuma masu saninsa ba su da yawa. Bakanikena ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Yallaɓai, mu cire wannan wahalar. A samo manifol na Fijon gida da kafireto Solex, gobe sai ka ji kukan motarka." Masu kishin asalin mota za su ce wannan ɓarna ce. Ni ina ganin motar da ke tafiya da kafireto ta fi wadda ke zaune da asalinta, muddin an naɗe famfon an adana shi. Shawara ce mai kyau, mai sauƙin kuɗi, na kuma karɓa. Sai dai da na je kasuwa mai kayan ya ce in na kwashe duka waɗanda ke cikin kwandon zai yi mini sauƙi. Yanzu ina da kafireton da zai ishi tasha guda, babu ko ɗaya da bai buƙatar gyara.

Inda abin ya daina ba ni dariya, na ɗan lokaci, shi ne tsatsa. Waɗannan motoci an san su da ita: ƙasan ƙofa, daɓen da ake taka ƙafa, bakin fuka-fukan taya. Wani dattijon fanel bita ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da bayan sukudireba, ya ce sai an yanke duk inda ya ci, a lanƙwasa sabon ƙarfe a yi walda, a shafe ciki da waje. Ya faɗi kuɗinsa. Na taya, ya ce shi ba ya ciniki a kan aikinsa. Na ji haushi, ba don kuɗin sun yi yawa ba, sai don ya hana ni abin rubutawa a gida na uku. Na kai wa wani da ya karɓi kashi ɗaya cikin uku, ya ba ni mota sumul, har na sa aka yi mata fenti ruwan toka mai ƙyalli. Damina ɗaya ta wuce, fentin ya fara kumburi ƙuraje-ƙuraje a ƙasan ƙofa. Dattijon nan, da na koma masa da kunya, bai ce komai ba. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya manna a rufin motar, ya kama. Ya manna a ƙasan ƙofa, ya faɗo ƙasa. Ya matsa gaba ya sake mannawa, ya sake faɗowa. Bodi fila ce aka laɓta a kan rami, a wani wurin ma har da guntun kwali a ciki.

Duk wanda ya san aikin zai gaya maka tsarinsa: bodi tukuna, sai birki, sai inji da wayoyi, fenti da kujeru su zo a ƙarshe. Ni ma na sani, har ina koya wa wasu. Matsalar ita ce aikin gwani ba ya yin kwantai, balle a karyar da shi. Abin da ke yin kwantai shi ne sitiyarin katako, da madubin gefe mai sheƙi, da rediyon kaset, da fatar kujera da wani ya yi oda ya fasa. Duk ina da su. Motar ba ta da birki.

Uwargida ce ta tsinci littafin tana neman takardar kuɗin makarantar yara. Ta zauna ta karanta shi shafi-shafi, ta ɗauko waya ta haɗa gida na biyu, abin da ni na kasa. Ba ta faɗa mini jimillar ba. Ta dai nuna gida na uku da yatsa ta ce, "Malam, ita wannan ribar a wane banki take? Sai mu ciro a biya kuɗin makarantar."

Na yi alkawarin ba zan ƙara sayen ko noti ba sai an gama walda, kuma na riƙe alkawarin har zuwa makon jiya. Wani ɗan gwangwan ya bugo waya ya ce an sare wata tsohuwar Peugeot 604, injin na nan. Wato V6 ɗin nan da Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera, mai cc 2664, wanda aka fara sa wa Coupé a 1974. Na gaya wa bakanike. Ya lissafa mini a yatsu: giyabos daban, lagireto daban, mazaunin inji daban, salansa daban, ga shan mai. Ya tambaya ko injin na juyawa da hannu. Na ce a'a, a ƙame yake, ai shi ya sa ya yi arha. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "Yallaɓai, ka dai riga ka ba da kafin alƙalami, ko?"

Tun a wayar na tura.